Me ake nufi da "tsarin maki" a neman izinin zama na dindindin?

Duk wanda ya taɓa zama da masu shirin ƙaura zuwa Kanada ko Ostireliya ya san hirarsu ba ta wuce lissafi. Wannan ya ce yana da 430, wancan ya ce saura masa 12, wata kuma ta ce ranar haihuwarta mai zuwa za ta cinye mata 5. Wanda bai san dawar garin ba sai ya ɗauka sakamakon jarrabawa ake tattaunawa. Abin da suke ƙirgawa shi ne makin da hukumar shige da fice ke ba ƙwararren ma'aikaci mai neman izinin zama na dindindin.

Tsarin maki hanya ce ta zaɓar baƙi ta hanyar auna su da abubuwan da za a iya ƙirgawa: shekarun mutum, zurfin karatunsa, iya harshen ƙasar, yawan shekarun da ya yi yana aiki a sana'arsa, wani lokacin har da ko yana da ɗan'uwa a can. Kowanne da makinsa a rubuce, a tara, a ga abin da ya tashi. Shi kuwa izinin zama na dindindin matsayi ne da ke ba baƙo damar zama da aiki da karatu ba tare da wa'adin biza ba, sai dai bai zama ɗan ƙasa ba tukuna: a yawancin ƙasashe ba ya jefa ƙuri'a, kuma fasfon ƙasarsa ta asali yake riƙe da shi.

Kanada ce ta fara wannan tsari a 1967. Kafin shekarun 1960, dokokinta sun fifita mutanen Birtaniya da sauran Turawa ƙarara, kuma jami'i na da ikon ya duba asalin mutum ya ce a'a. Maki ya zo ne don a daina tambayar "daga ina kake?" a koma tambayar "me ka iya?". Ostireliya ta bi sahu a ƙarshen shekarun 1970, Niyu Zilan a 1991.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne kalmar maki tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma a Kanada ana amfani da duka biyun. Na farko makin cancanta ne. A shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, dole mutum ya samu 67 cikin 100: harshe na da 28, karatu 25, ƙwarewar aiki 15, shekaru 12, tayin aiki 10, sai sauƙin sabawa da ƙasar 10. Wanda ya kai 67 ya samu damar shiga layi ke nan. Nan ne wasu ke fara murna har da shaida wa dangi, alhali ko rabin tafiya ba a yi ba.

Na biyu makin gasa ne. Tun watan Janairun 2015 Kanada ke amfani da tsarin intanet mai suna Express Entry, inda ake sake auna duk waɗanda suka cancanta da wani ma'auni da ake kira CRS, wanda iyakarsa 1,200, a jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Lokaci-lokaci hukuma ta ce za ta gayyaci mutum kaza, sai ta ɗebo daga sama har adadin ya cika. Makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka shi ne iyakar wannan zagaye. Ke nan babu wani adadi tsayayye da za a ce shi ne na cin nasara. Yawan guraben da aka buɗe da ƙarfin abokan gasa ne ke yanke shi. A watan Fabrairun 2021, lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki, an yi zagayen da aka gayyaci mutum 27,332 daga cikin waɗanda suka riga suka yi aiki a Kanada, iyakar ta faɗi har 75. A farkon 2024 kuwa, zagayen gama-gari duk sun tsaya sama da 500. Tsari ɗaya ne, kasuwar ce ta canza.

Dalilin kawo gasar ma abin sani ne. A da wanda ya riga miƙa takarda shi ake fara dubawa, sai takardu suka taru har mutane na jiran shekaru. A 2012 gwamnati ta soke tsofaffin takardun da aka miƙa kafin ƙarshen Fabrairun 2008, abin da ya shafi mutum kusan 280,000, aka mayar musu da kuɗinsu. Yanzu ba ka miƙa cikakkiyar takarda sai an gayyace ka. Bayananka na zama a layi wata 12, in ba a kira ka ba ka sake shigarwa. In an kira ka, kwana 60 gare ka ka kawo hujjar duk abin da ka faɗa.

Bari mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin ke cizo. A ce wata injiniya ce, ba ta da aure, shekarunta 29, tana da digiri na biyu da aikin shekara 3 a ƙasarta, ba ta taɓa taka Kanada ba. A ma'aunin CRS, shekarunta sun ba ta 110, karatunta 135. Ta zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ta samu 8.0 a sauraro, 7.0 a karatu da rubutu da magana, wato mataki na 9 a ma'aunin harshe na Kanada, sai aka ba ta 124. Akwai kuma wani sashe da ke haɗa harshe da karatu, ya haɗa harshe da ƙwarewar aiki, nan ta kwashe 100 cif. Jimla 469.

To a ce a ranar jarrabawar hankalinta ya ɗan tafi, ta samu 7.5 a sauraro maimakon 8.0. Makin harshenta ya sauka zuwa 116, wannan ba wani abu ba ne. Matsalar ita ce sashen haɗin nan yana buƙatar mataki na 9 a duka fannoni huɗu, don haka 100 ɗin ya koma 50. Jimla 411. Rabin maki a takardar jarrabawa ya ci mata 58. Shi ya sa za ka ga mutum mai digiri biyu yana sake zama jarrabawar Turanci karo na uku, ba don bai iya Turanci ba.

Shekaru kuma ba sa jira. Daga 20 zuwa 29 ne ake samun cikakken maki. Da an cika 30 sai a fara zaftarewa, 5 ko 6 a kowace shekara, daga 40 zaftarewar ta ƙaru, a 45 babu ko ɗaya. Injiniyar nan da a ce shekarunta 35 ne, 77 za ta samu maimakon 110. A ganina nan ne tsarin ya fi nuna ainihin abin da yake nema. Ƙasar da jama'arta ke tsufa tana son wanda zai daɗe yana aiki yana biyan haraji, shi ya sa matashi mai ƙwarewar shekara 3 ke shan gaban dattijon da ya shekara 20 a sana'a. Ko adalci ne ko ba adalci ba, wannan wata muhawara ce, amma ba a ɓoye wa kowa ba, a rubuce yake.

Wanda makinsa ya gaza yana da 'yan ƙofofi. Babbar ita ce wani lardi, kamar Ontariyo ko Alberta ko Manitoba, ya zaɓe shi saboda yana buƙatar sana'arsa. Wannan kaɗai maki 600 ne, kusan a ce gayyata ta tabbata. Iya Faransanci na ƙara har 50, kuma tun 2023 ana yin zagaye na musamman ga masu Faransanci da ma'aikatan lafiya da masu sana'ar hannu da wasu fannoni, inda iyakar masu Faransanci ta sha sauka ƙasa da 400. Ɗan'uwa uwa ɗaya ko uba ɗaya da ke da izinin zama a can na kawo 15. Tayin aiki a da yana ƙara 50 ko 200, amma an cire shi daga CRS a watan Maris na 2025 saboda yadda ake sayar da takardun bogi. Lardin Kebek nasa tsarin daban ne.

Sauran ƙasashe kowacce da salonta. A Ostireliya 65 ne mafi ƙarancin maki, dole a gayyaci mutum kafin ya cika 45, kuma masu shekaru 25 zuwa 32 ne ke samun maki mafi yawa na shekaru. Ita ma 65 ɗin ƙofar layi ce kawai. Birtaniya na kiran nata tsarin na maki, ana neman 70, amma 50 daga ciki sharuɗɗa ne na dole, ciki har da tayin aiki daga kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙi, kuma bizar aiki yake bayarwa, ba izinin dindindin ba. Na Jamus da ya fara a watan Yunin 2024 maki 6 yake nema, ya ba ka shekara guda ka shigo neman aiki. Don haka in aka ce maka ƙasa na da tsarin maki, tambayi me makin ke saya.

Duk wani maki sai da takarda. Digirin waje sai wata hukuma da aka amince da ita, irin su WES, ta tantance ta ce ga kwatankwacinsa a Kanada, kuma tantancewar shekara 5 take aiki. Sakamakon jarrabawar harshe shekara 2. Wasiƙar wurin aiki dole ta nuna ayyukan da mutum ke yi da sa'o'i da albashi, sunan muƙami kaɗai bai isa ba. Ana neman shaidar kuɗin da zai riƙe kansa da iyalinsa, da gwajin lafiya, da takardar 'yan sanda. Wanda aka kama ya ƙara gishiri a bayanansa, ko da wakilin da ya biya ne ya cike masa, ana iya hana shi nema na shekara 5.

Wani abu da makin ba ya bayarwa shi ne lasisin sana'a. Likita ko ma'aikaciyar jinya ko injiniya na iya samun izinin zama da makin digirinsa, ya sauka ya tarar sai ya bi ta hukumar sana'ar ta lardin da ya zauna, da nata jarrabawar da nata kuɗin, kafin ya taɓa marar lafiya ko ya sa hannu a zane. Izinin kansa ma da sharaɗi: a Kanada sai mutum ya kasance cikin ƙasar kwana 730 a kowace shekara 5 kafin ya ci gaba da riƙe shi, in kuma yana son zama ɗan ƙasa, kwana 1,095 ake ƙirga masa cikin shekara 5 kafin ranar da ya nema.