Auren da ba a rubuta ba: abin da dokar iyali ta Saudiyya ta tanadar wa mace

A watan Maris na 2022 Saudiyya ta fitar da dokar al'amuran iyali, wadda ta fara aiki a watan Yunin shekarar. Kafin nan kowane alƙali yana hukunci ne da fahimtarsa ta littattafan fiƙihu. Yanzu aure, saki, ciyarwa, riƙon yara da gado duk suna cikin kundi ɗaya, kuma da shi kotuna ke aiki ko a Makka ne, ko Jidda, ko Madina. Kusan duk wani haƙƙin da dokar ta ba mace a jikin takarda yake rataye. A nan ne mutanenmu mazauna Saudiyya ke yawan yin sakaci.

Dokar ta wajabta yi wa aure rajista. Ɗaurin auren da ake yi a falo, da waliyyi da shaidu biyu da dabino, aure ne a addini, amma ranar da rigima ta taso matar ba ta da abin nunawa. Sai ta fara shigar da ƙarar tabbatar da auren kafin a saurari maganar ciyarwa. Dokar ta yarda da wannan ƙarar, sai dai kafin lokacin wani shaidan ya koma Najeriya ko Nijar, wani ya rasu. Masu igama, wato katin izinin zama a ƙasar, na iya neman rajistar ta manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a. Idan ɗaya ɗan ƙasa ne ɗaya baƙo, ana buƙatar izinin hukuma tun kafin a ɗaura.

Ba a aurar da mace sai da yardarta, kuma ba a rajistar auren wanda bai kai shekara 18 ba sai kotu ta duba ta amince. Dokar ba ta cire waliyyi ba, shi ke ɗaura auren. Amma idan ya hana ta auren tsaranta da take so, ko da mahaifinta ne, kotu na iya karɓe walicci ta ba wani. Sadaki kuwa nata ne ita kaɗai. Kawun da ya ce zai "ajiye mata" ya sani ajiya ce a hannunsa.

Sharuɗɗa su ne abin da ya fi cancanta iyaye su tsaya a kai. Mace na da damar gindaya sharaɗi a lokacin ɗaurin aure: za ta ci gaba da karatu, za ta yi aiki, ba za a fitar da ita daga garinsu ba, ko za a ba ta gidanta daban. Idan mijin ya saɓa, tana iya neman a warware auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Amma sharaɗin sai an rubuta shi a takardar aure, ko kuma su biyun sun amsa cewa an yi shi. "Ai mun yi magana da iyayensa" ba hujja ba ce ranar da ya musa. Kunya ce ke hana a faɗa a gaban jama'a, don haka aikin uba ne ko yaya ya tambayi yarinya tun kafin ranar, "Me kike so a rubuta?", sannan shi ya faɗa da bakinsa.

Ciyarwa, tufatarwa da muhalli suna kan miji ko da matar ta fi shi kuɗi. Abin da ba a cika sani ba shi ne wa'adi: kotu ba ta sauraron ƙarar kuɗin ciyarwar da suka wuce shekara 2 kafin ranar shigar da ƙara. Matar da aka yi ta ba wa haƙuri shekara 6 tana sayar da abinci tana riƙe gida, ta yi asarar ta shekara 4. A gefe guda, ciyarwar na faɗuwa idan ta ƙi tarewa ko ta bar gidan ba da uzurin shari'a ba. Wadda duka ya kora, ta nemi rahoton asibiti ta kuma kira 1919, lambar kai ƙarar cin zarafi a cikin gida. Dokar kariya daga cutarwa ta 2013 ta tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1, ko tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun.

Batun saki ma an ɗaure shi da rubutu. Dole miji ya yi wa sakin rajista cikin kwana 15 daga lokacin da sakin ya zama wanda babu kome a cikinsa, kome ma haka cikin kwana 15. Idan ya ɓoye sakin ba ta sani ba, tana da diyyar da ba ta gaza mafi ƙarancin kuɗin ciyarwa na tsawon lokacin ba. Idan kuma ya yi kome a ɓoye har ta auri wani, komen bai yi ba. Saki uku a zama ɗaya kuwa, dokar ɗaya take ƙirga shi, saɓanin abin da aka saba ji a zaurukan malamanmu na Malikiyya.

A khul'i, ba a yarda mace ta fanshi kanta da 'ya'yanta ba. Duk yarjejeniyar "ki bar min yaran in sake ki" ko "ki yafe kuɗin abincinsu" ba ta da gurbi a dokar. Bayan rabuwa uwa ce ta farko a riƙo, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai ta wajen uba, kotu kuma na duba abin da ya fi wa yaron. Idan ya kai shekara 15 ya zaɓi inda zai zauna. Mai riƙo ba zai fita da yaro ƙasar waje fiye da kwana 90 a shekara ba sai da yardar ɗayan iyayen. Wanda ke shirin dogon hutu a gida ya lura da wannan.

Akwai kuma mijin da ya tafi ganin gida ya yi zamansa. Idan an san inda yake, tafiyar ba ta aiki ba ce, kuma ya kai wata 4, matar na iya neman a raba auren ko da ya bar mata kuɗi. Kotu za ta gargaɗe shi ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sake ta, ta ba shi wa'adin da bai wuce kwana 180 ba.