Karatu daga nesa: tun zamanin kaset aka fara barin biya

Duk lokacin da aka rufe makarantu, ko aka ce wata jarrabawa za ta koma kan kwamfuta, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi a gidajen rediyo da majalisu. Wasu su ce karatu ya koma intanet, wanda bai bi ayari ba an bar shi a baya. Wasu su ce a fara kawo wuta da sabis tukuna, sannan a faɗa mana inda mai 'ya'ya takwas zai samo kuɗin data. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda dukkansu ke magana kamar a watan Maris na 2020 aka haifi matsalar, lokacin da cutar korona ta sa aka kulle azuzuwa. Alhali karatu daga nesa ya girmi yawancin masu gardamar, kuma ciwon da ke cin sa yau ya kama shi tun kafin wayar hannu ta shigo ƙasar nan.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Tun zamanin Turawa akwai akawu da malaman makaranta masu karatu ta gidan waya. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila su aiko da darasi a ambulan, ɗalibi ya yi aikin ya mayar, bayan makonni takardar ta dawo masa da gyara a jiki. Ta haka wasu suka zauna jarrabawar Jami'ar Landan ba tare da sun taɓa hawa jirgi ba. Sai rediyo ya zo: Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. An kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa a 1983, ta tsaya ba da daɗewa ba, aka farfaɗo da ita a 2002. Wayar salula kuwa ta shigo a 2001. Wannan jerin shi ake karantowa a kowane taron ƙara wa juna sani.

Akwai wata gaɓa da ake tsallakewa, kuma a ganina a nan hanya ta rabu biyu.

Kafin a kai gare ta, sai mai karatu ya tuna yadda Bahaushe ya san karatu. A makarantar allo malam ya biya wa yaro, yaro ya maimaita, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. Ba zai wanke allonsa ba sai ya dawo gaban malam ya kawo abin da aka ba shi, an ji ya zauna a bakinsa. Gardi ma da ya yi nisa yana kai allonsa zaman darasu, alaramma ya duba masa wasali da ɗigo. A zauren ilimi ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na fassarawa, in harshe ya karkace a tsayar da shi nan take. Ba a yi wa mutum ƙari sai an tabbatar na jiya ya shiga. Wato a wurinmu karatu tafiya ce da dawowa: abin da ya fita daga bakin malam sai ya dawo kunnensa ta bakin ɗalibi, sannan a ce an yi karatu.

Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, rikoda ta cika gidaje. Kuɗin mai sun shigo hannun mutane, alhazai na dawowa da ita cikin tsaraba, kasuwanni sun cika da kaset. Nan da nan aka fara ɗaukar tafsirin azumi da karatun littattafai da wa'azi, ana kwafa ana sayarwa a bakin masallatai da tashoshin mota. Ba ƙaramin alheri ba ne wannan, kuma ba zan taɓa rage masa daraja ba. Matar da ke cikin gida, wadda ba ta da hanyar zuwa zaure, ta ji karatun da a da sai mijinta ya ga dama ya kawo mata guntunsa. Direban babbar mota ya ji, tela ya ji yana kan keke. Kaset ya kuma fi rediyo da abu ɗaya babba: in magana ta wuce ka sai ka tariyo ta, ka sake ji sau goma in ka so, a lokacin da ka ga dama.

Amma a karon farko sai ga karatu mai tafiya ba dawowa. Mutum ya saurari littafi tun daga bango har bango, ya san muryar malamin, ya haddace misalansa da inda yake yin tari, ba tare da ko sau ɗaya wani ya ce masa "karanta in ji" ba. Malamin da ke cikin kaset bai san yana da wannan ɗalibi ba, balle ya san inda ya sha masa kai. Ni kaina na yi wannan karatu. Na tara kaset na wani littafin nahawu, na saurare shi kaf da zuciya ɗaya, na ɗauka na samu. Ranar da na zauna gaban wani dattijo a unguwarmu ya miƙo mini littafin ya ce in ja, layi uku ban kai ba ya tsayar da ni. Abin da ke kaina duk na malamin ne, ban taɓa juya shi da harshena ba. Dattijon bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi in riƙa zuwa bayan sallar asuba, aka faro daga shafin farko.

Ba kaset ne ya yi laifi ba, kuma ba malaman da aka ɗauka ba. Da yawansu suna faɗa a cikin kaset ɗin kansa cewa a je a zauna gaban malami. Mu ne sannu a hankali muka saba da ɗaukar sauraro a matsayin karatu, domin sauraro ya fi sauƙi, ba kunya a cikinsa, ba wanda zai gano ba ka gane ba. Sabo kuwa turken wawa ne, in ji masu iya magana, ko da yake wannan turke ya ɗaure har da masu hankali.

Abin mamaki, a cikin waɗannan shekaru ɗin ne aka gwada ɗaya hanyar, kuma ta yi aiki. A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ta kwarara fiye da lissafin da aka yi, malamai suka yi ƙaranci. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda kowa ya fi sani da NTI, don a horar da malami ba tare da an cire shi daga ajinsa ba. Tsarin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. A ba ka littattafan darasi da aka rubuta don mai karatu shi kaɗai, ka yi ta fama da su a gida cikin mako. Ranar hutun ƙarshen mako ka tafi cibiyar karatu, galibi wata makaranta ce da aka ara, ka tarar da mai koyarwa da 'yan'uwanka ɗalibai. A duba aikinka, ka yi tambaya, a tambaye ka. Na tashi na ga wani kawuna, malamin firamare, yana ɗaure littattafan nan a bayan kekensa kowace Asabar. Yakan ce littafin ba ya ba shi tsoro, abin da ke hana shi barci daren Juma'a shi ne sanin cewa gobe akwai mai tambayarsa. Da haka ya samu takardar shaidarsa.

A Nijar ma an gane wannan tun da wuri. Ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962 ba su tsaya ga watsa shiri kawai ba. Jama'ar ƙauye su taru su saurara tare da wani jagora, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar Yamai, abin da suka faɗa ya shiga cikin shiri na gaba.

To, da fasaha ta ci gaba, hanyar kaset ce ta yi ta haihuwa. Kaset ya zama faifan CD, faifai ya zama memori, masu turi suka buɗe shaguna, a cika maka waya da karatun da ba za ka gama ji ba ko a shekara. Yau kuma ga azuzuwan WhatsApp da Telegram: koyon Turanci, ɗinki, haɗa turare, kasuwancin intanet. A biya kuɗi, a jefa mutum ɗari biyu ko uku a zaure ɗaya, a yi ta zubo bidiyo. Makon farko kowa na godiya, mako na uku sai shiru. Ba lalle malamin ya yi ha'inci ba, sau da yawa darasin ma mai kyau ne. Babu dai wanda ya ce wa kowa "kawo in gani."

Kada a ce wannan halin namu ne mu kaɗai, ko rashin wuta ne ya jawo. A 2011 wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu ga duniya kyauta ta intanet. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Wani bincike da aka buga a 2019 kan irin waɗannan darussa na jami'o'in Harvard da MIT ya nuna waɗanda suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018 ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. Akasarin mutanen nan suna da wuta, suna da kwamfuta, suna jin harshen da ake koyarwa da shi.

Da korona ta zo, jihohi da dama na Arewa sun sa darussa a rediyo da talabijin, kuma an yi ƙoƙari matuƙa cikin ƙurarren lokaci. Sai dai yaron da ya saurari darasin lissafi a tsakar gida ba shi da wanda zai nuna wa amsarsa. A daidai wannan lokaci aka yi wani gwaji a ƙasar Botswana da gidaje kusan 4,500. Wasu aka riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kawai, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kamar minti 20 a mako, mai koyarwa ya yi aikin tare da yaron. Saƙon shi kaɗai bai kawo wani canjin a zo a gani ba. Inda aka haɗa da kira ne aka ga yara sun ƙaru. Ba bidiyo, ba babbar waya, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar.

Shi ya sa nake ganin masu cewa a kawo wuta da data tukuna sun faɗi rabin magana ne. Ko gobe aka wayi gari kowane gida da sola da intanet kyauta, in tsarin na zubowa ne kawai, za mu sake tara wani kwandon kaset ne a cikin waya.

Inda na ga karatun intanet yana kama ƙasa a wajenmu, wurin masu koyar da Alƙur'ani ta saƙon murya ne, musamman a tsakanin mata. Malama ta tura aya biyar da muryarta, ɗaliba ta saurara ta maimaita, ta ɗauki nata karatun ta mayar kafin lokacin da aka yanka. Malama ta saurara, ta dawo mata da gyara: wannan madda kin gajarta ta, wannan harafi daga maƙogwaro yake fita. Ba a ƙari sai gyaran ya zauna. Saƙon murya ba ya cin data sosai, yana jiran sabis ya dawo, kuma da Hausa ake bayanin. Wadda ta yi kwana biyu ba a ji ta ba, sai a kira ta a ji ko lafiya. Irin wannan aji ba ya ɗaukar mutum ɗari uku, domin kowace ɗaliba tana cin mintunan malama a kullum, kuma dare ɗaya ba ya isa a saurari kowa. Idan ɗalibai suka yi yawa, sai a raba su gida-gida, a ɗora wadda ta yi nisa a kan kowane rukuni tana sauraron na ƙasa da ita, ita kuma tana kai nata karatun wurin malama.