Gitar bas: mai tsirkiya huɗu da mai tsirkiya biyar

Gitar bas, ko bas kawai kamar yadda ƴan orkestir na Yamai ke ce mata, ita ce gitar nan mai dogon wuya da kaurin tsirkiya wadda ke riƙe ƙasan kiɗa, tana zaune tsakanin mai batri, wato mai jerin ganguna, da sauran makaɗa, kuma ko wanda bai san sunanta ba ya taɓa jin ta a ƙirji in an kunna sono wurin biki. Iri biyu ne aka fi gani hannun mutane, mai tsirkiya huɗu da mai biyar. Akwai mai shida amma ita wannan ba kowa ke ɗaukarta ba.

Asali

Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera bas mai aiki da lantarki a birnin Seattle tun shekarun 1930, sai dai ba ta yi kasuwa ba. Wadda ta bazu duniya ita ce Precision Bass ta Leo Fender, 1951, sannan Jazz Bass ta biyo baya a 1960, dukansu tsirkiya huɗu. An ɗaure su kamar kwantirbas, babbar bas ta katako da ake bugawa a tsaye, kowace tsirkiya da sunan sautinta: Mi, La, Re, Sol, daga mai kauri zuwa siririya. Fender ya gwada mai biyar a 1965, Bass V, amma tsirkiyar da ya ƙara ta sama ce, mai siririn sauti, wato Do, kuma mutane ba su karɓe ta ba, ƴan shekaru kaɗan aka daina yin ta. Ta biyar ɗin da muka sani yau, Si ta ƙasa mai kaurin sauti, tsakiyar shekarun 1970 ta fito, lokacin da makaɗa irin su Jimmy Johnson da Anthony Jackson suka dinga sa maƙera su yi musu bas mai sauka ƙasa da Mi. A shekarun 1980 ne ta shiga kasuwa sosai, Yamaha ta fitar da BB5000, Music Man kuma ta kawo StingRay 5 a 1987, dalili kuwa kilabiye, wato fiyano mai lantarki, ya cika situdiyo yana buga ƙasa-ƙasan da bas mai huɗu ba ta kaiwa, masu bas suka ga in ba su bi ba aiki zai kuɓuce musu.

Abin da ta biyar ke ƙarawa

Nan ne yawancin masu saye ke ruɗewa. Mi ta ƙasa a mai huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, Si ta mai biyar wajen sau 31, kunnen ɗan Adam kuma daga wajen 20 yake fara ji. Sababbin sautukan da aka samu biyar ne kacal: Mi bemol (wato Mi da aka sauke rabin mataki), Re, Re bemol, Do, da Si. Duk sauran abin da ke kan tsirkiyar nan akwai shi a mai huɗu. To me ya sa ake son ta haka? Na farko, mawaƙi ko mawaƙiya ba sa tambayar mai bas kafin su zaɓi inda muryarsu ta zauna, in waƙa ta faɗa Mi bemol ko Re, mai huɗu dole ya hau sama ya buga, sai ka ji ƙasan kiɗan ya zama fayau kamar miya ba daddawa, shi kuwa mai biyar sauka kawai zai yi. Na biyu, kuma a ganina shi ne babban amfanin da ba a cika faɗa ba, hutun hannu ne. A bas mai tsawon santimetir 86 da ɗan wani abu, gidan farko na wuya, wato tazarar farko da ake danna tsirkiya a ciki, ya kusa milimetir 49, gida na shida kuwa wajen 36 ne, ke nan Fa ɗin da mai huɗu ke miƙe yatsu can bakin wuya ya kamo, mai biyar yana samun ta gida na shida kan Si, daga nan zuwa gida na goma yana da oktab biyu cur, wato jerin sautuka daga Fa zuwa Fa sau biyu, ba tare da ya yi ta kai da kawo da hannu ba. Wanda ya taɓa buga biki daga bayan isha'i har dare ya raba, ya san abin da wannan ke nufi ga wuyan hannu.

Abin da take ci

Wuyanta ya fi faɗi. Can sama wurin da tsirkiyoyi ke hawa, Jazz Bass milimetir 38 ce, masu biyar kuwa yawanci 45 ne zuwa sama, kuma duk da haka tsirkiyoyin sun fi matsuwa da juna, daga milimetir 19 da aka saba a gindi su koma 18 ko ƙasa da haka, shi ya sa masu marin tsirkiya da babban yatsa ke kuka da wasu daga cikinsu. Ta kuma ɗan fi nauyi a kafaɗa.

Sai maganar shiru. Si tsirkiya ce mai son magana ko ba a taɓa ta ba, kana buga La ita tana can tana gurnani ƙasa-ƙasa, kiɗan duk ya dagule. Duba hannun daman wanda ya ƙware: babban yatsansa ba ya kafe wuri guda, yana kwance kan Si da Mi, in ya sauka zuwa Re yatsan ya bi shi yana danne na baya, kamar mai lallashin yaro kar ya farka. Wannan sai an zauna an koya, makonni ko watanni, kuma sabon shiga da yawa kan ɗauki Si a matsayin Mi saboda ido ya saba ta saman nan ita ce Mi.

Haka kuma ba kowace Si ce Si ba. A bas mai araha sau da yawa takan yi laƙwas, ba ta da ƙarfi, sautin ba ya fita tsaf, shi ya sa wasu maƙera ke ƙara tsawon zuwa kusan santimetir 89 don ta ɗaure. Ga kuma ampili da bafal, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti da lasifika. Ƙaramin bafal na repetisiyon ko sonon haya da ya sha rana da ƙura ba ya iya fitar da sau 31 ɗin nan, in ka matsa masa sai takardar cikin bafal ɗin ta dinga fur-fur kamar za ta yage, wani lokacin ma ta yage ɗin. Wallahi abin tausayi ne ka ga yaro ya tara kuɗinsa shekara guda ya sayi mai biyar, sannan ya rasa inda zai ji ta biyar ɗin.

A Yamai da Tawa

Kayan nan duk daga waje suke zuwa, sau da yawa na hannu, wani ɗan'uwa ya riƙo daga Faransa ko a samo ta Kano ko Kwatano. Fakitin tsirkiya huɗu ya fi sauƙin samu, ya fi araha, Si guda ɗaya in ta mutu neman ta aiki ne, har wasu kan tafasa tsofaffin tsirkiyoyi a ruwa don dattin zufa ya fita sautin ya ɗan dawo. Sanyin hunturu da bushewarsa na sa katakon wuya ya motsa, damina ta zo ya sake motsawa, mai biyar kuma jan da ke kanta ya fi yawa, don haka kafin a biya kuɗi a tabbata ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda ake daidaita shi da shi, yana juyawa, a ɗaga ta a hango wuyan daga gindi kamar mai duba sanda ko ta miƙe.

Irin kiɗan ma na da ta cewa. Gitar Abzinawa irin ta Bombino na Agadas ko Mdou Moctar ɗan jihar Tawa tana zagaye ne kan sautuka kaɗan, bas na dakawa tare da ganga, huɗu ta wadatar har ta yi saura. Haka rege, Aston Barrett na Wailers da huɗu ya yi suna, manyan masu bas na Amurka Jaco Pastorius da James Jamerson ma huɗu. Masu kiɗan majami'u da masu raka mawaƙa daban-daban a dare guda tare da kilabiye su ne suka fi morar biyar, Richard Bona ɗan Kamaru da Nathan East da ita aka fi saninsu. Mu nan ma ai yawan tsirkiya ba baƙon zance ba ne, goge ɗaya gare shi, biram ɗin da marigayi Malam Maman Barka ya raya biyar gare ta, kowanne da aikinsa.

Akwai hanyoyin tsakiya. Wasu kan sassauta Mi ta sauka Re in waƙa ta buƙata, akwai ma ɗan makulli na Hipshot da ake sawa a kan gitar mai yin haka da taɓawa ɗaya. Wasu kuma su ɗaura Si, Mi, La, Re a bas mai huɗu su bar Sol gaba ɗaya, amma sai an faɗaɗa ramukan da tsirkiyoyi ke kwanciya a sama, an kuma sake daidaita wuyan. Mai koyo da ke da ƙaramin hannu zai iya neman gajeriyar bas mai wajen santimetir 76, kusan dukansu huɗu ne.