Mene Ne Kalamkari?

Masu tallan yadin Indiya a intanet sun kama kalmar kalamkari suna liƙa ta ga duk yadin da ke da zanen ganye da ɗawisu, har da wanda inji ya buga dubu a yini. Abin yana damuna, domin sunan da kansa ya faɗi irin aikin da ake nufi.

Kalmar Farisanci ce, kalam da kari, wato aikin alƙalami. Wannan kalam ɗin shi ne na Larabci da muka ara muke cewa alƙalami, kuma dangantakar ba ta tsaya ga suna ba. A garin Sirikalahasti da ke jihar Andhra Pradesh, mai zane yakan fiƙe sandar gora kamar yadda almajiri ke fiƙe karansa, ya naɗe ta da ulu kusa da tsinin domin ta riƙe tawada, sannan ya riƙa matsa ulun da yatsa tawadar tana sauka kaɗan-kaɗan. Baƙar tawadar kuwa guntayen ƙarfe masu tsatsa ne da mazarƙwaila ake jiƙawa har su yi tsami. Kafin alƙalami ya taɓa yadin sai an tsoma shi a madarar ɓauna da ruwan 'ya'yan wata itaciya don kada launi ya bazu, wurin da ake son ja a shafa masa alif kafin a dafa shi da saiwar wani tsiro mai ba da jan launi, a kuma wanke shi sau da dama a ruwan kogin Suwarnamuki.

Asalin wannan wahala ibada ce a wurin mabiya addinin Hindu. Yadin na ratayawa ne a ɗakunan bautarsu, an jera labaran Ramayana da Mahabharata, manyan littattafan addininsu guda biyu, layi-layi, da rubutun harshen Telugu yana bayyana kowane hoto.

Akwai kuma na garin Machilipatnam, shi ma a Andhra Pradesh, wanda ya bunƙasa zamanin sarakunan Musulmi na daular Golkonda da ta mulki yankin, kafin daularsu ta faɗi a 1687. Da hatimin katako ake buga shi, kuma furanni da bishiyoyi sun fi yawa saboda kasuwar Farisa. Wannan na yarda a kira shi kalamkari, tunda hannu ne da rinin gargajiya. Na inji kam ban yarda ba. Wanda aka zana da hannu layinsa yakan yi kauri a nan ya sirance a can, kuma sabonsa yana ɗan ƙanshin madara.