Abarba da Markaɗaɗɗiyar Gyaɗa: Bambancinsu Wajen Gina Jiki

Abarba da markaɗaɗɗiyar gyaɗa abinci ne guda biyu da ake ci a Arewacin Kamaru da Chadi, amma aikin da kowannensu yake yi wa jiki ya sha bamban. Abarba yawancinta ruwa ne da sukari da bitamin C. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa, wato gyaɗar da aka soya aka murje ɓawonta aka niƙa ta har ta zama ƙulli ba tare da an matse manta ba, cike take da maiƙo da furotin. Ita ce ake kira ƙullun gyaɗa a wasu gidaje. Idan an matse man, abin da ya rage shi ne tunkuza, wadda ake yin ƙuli-ƙuli da ita.

Asali da inda ake nomansu

Dukansu biyu baƙi ne daga Kudancin Amurka. Abarba ta fito ne daga yankin kogunan Parana da Paraguwai, gyaɗa kuma daga wajejen Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka tun ƙarni na 16. Gyaɗa ta samu ƙasa mai yashi da gajeriyar damina ta zauna daram a kewayen Garwa da Gidar da Marwa da duwatsun Mandara, da kudancin Chadi wajejen Mundu da Sar. Abarba tana son laima, don haka gonakinta suna kudancin Kamaru, a Awaye kusa da Yawunde da kuma Njombe da Penja. Kafin ta iso arewa sai ta bi ta Ngaundere, ta gangara Garwa, ta wuce Marwa, wata har Kuseri da Njamena. Wannan doguwar tafiya ce ta sa take da tsada, har wasu suke ɗaukar ta abincin masu hali, su riƙa ganin gyaɗa abin marmarin talaka. Tsadar ba ta da alaƙa da amfanin da ke cikinta.

Ƙarfi da gina jiki

A giram 100 na ɓararriyar abarba, kusan giram 86 ruwa ne. Akwai sukari kimanin giram 10, furotin rabin giram, maiƙo kuwa kamar babu. Ƙarfin da take bayarwa kalori 50 ne. Giram 100 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa yana ɗauke da kalori kusan 590, wato ninki goma sha biyu, da maiƙo giram 50, da furotin tsakanin giram 22 da 25. Ruwan da ke cikinta bai wuce giram 2 ba.

Babban cokali ɗaya na ƙullun gyaɗa, irin wanda uwargida take ɗiba ta dama da ruwan ɗumi kafin ta zuba a miyar yakuwa, yana ba da ƙarfin da ya kai na yankan abarba biyu manya. Wanda yake son samun furotin ɗin da ke cikin giram 100 na gyaɗa daga abarba, sai ya ci fiye da kilo 4. Shi ya sa manomin da ya sha kunun gyaɗa da sassafe yakan kai azahar yana aiki, wanda ya karya da abarba kuwa kafin hantsi cikinsa ya fara kuka. Maiƙo da furotin suna daɗewa kafin su narke, sukarin 'ya'yan itace kuwa nan da nan yake shiga jini.

Mafi yawan maiƙon gyaɗa irin wanda ba ya daskarewa ne, kuma ya fi kitsen dabba sauƙi ga jijiyoyin jini. Yana kuma taimaka wa jiki ya tsotse bitamin A daga ganyaye irin su zogale da tafasa, don haka miyar ganye da aka sa wa gyaɗa ta fi wadda aka dafa da ruwa da gishiri kawai. Gyaɗa tana da niyasin, wato wani nau'in bitamin B, da bitamin E da maganiziyam masu yawa.

Wannan ƙarfi ne ya sa aka gina maganin tamowa a kan gyaɗa. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne, suka haɗa Plumpy'Nut daga ƙullun gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, yana ba da kalori 500, ba ya buƙatar dahuwa ko ruwa. Iyaye mata da yawa a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da yankin Tafkin Chadi sun san shi daga asibitocin yara. Magani ne na yaron da aka auna aka ba shi. Ba daidai ba ne a raba wa yayyensa, balle a kai shi kasuwa.

Inda abarba ta fi

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ba ta da bitamin C ko kaɗan. Abarba tana da kusan miligiram 48 a giram 100, fiye da rabin abin da babban mutum yake buƙata a yini. Bitamin C yana ƙarfafa dasashi, yana taimaka wa rauni ya warke, kuma yana sa jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe daga dawa da wake da gyaɗa, abin da ke da muhimmanci ga mata masu fama da ƙarancin jini. Yankan abarba bayan tuwo yana da wannan fa'ida. Sai dai ba dole sai abarba ba: lemon zaƙi ya ɗan fi ta, gwaiba ta ninka ta fiye da sau huɗu, mangwaro ma yana da nasa, kuma duk sun fi araha a lokacinsu.

Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai suna biromelen da ke narkar da furotin. Shi ne yake sa harshe ya yi zafi-zafi bayan an sha da yawa, kuma shi ne yake tausasa nama idan aka jiƙa shi da ruwanta. Zafin wuta yana kashe shi, don haka babu shi a ta gwangwani. Mai ciwon sukari ya fi dacewa ya ci ɗan yanka da tsokarsa maimakon lemon abarba da aka tace aka ƙara wa sukari, domin tacewa tana fitar da zaren da ke rage saurin shigar sukari cikin jini.

Abin lura game da gyaɗa

Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, tana jawo musu kumburin leɓe da ƙaiƙayi da toshewar numfashi, wanda yake buƙatar asibiti cikin gaggawa.

Babban haɗarin da ya fi yawa shi ne funfuna. Gyaɗar da aka cire ruwa ya dake ta, ko aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, takan kama funfunar da ke fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Gubar tana lalata hanta, tana jawo kansar hanta, kuma illarta ta fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a wannan yanki. Suya da dahuwa ba sa kawar da ita duka. Abin damuwar shi ne, da zarar an niƙa, mai kyau da marar kyau sun zama ƙulli ɗaya, ido ba ya iya rarrabe su. Saboda haka tsintar gyaɗa kafin a kai inji aiki ne na kare lafiya: a baza ta a faifai, a fitar da duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko take ɗaci a baki, a zubar da su, kada a ba awaki masu ba da nono. Buhunan ajiya kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango da danshin ƙasa.