Gwangwanin tare mai da garantin mota: wace doka ce ke aiki a Yamai?

Mai zagaya garejin Yamai a ƴan shekarun nan ya fara saba ganinsa. A ɗaga kapon Hilux ko wata mota mai shan gazuwal, sai ga ɗan gwangwanin ƙarfe ko na baƙar roba ɗaure a gefen inji, tiyo ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Masu tallarsa a intanet catch can suke ce masa, aikinsa kuwa tare man da ke bin hucin inji. Mai tsohuwar mota ba ya neman izinin kowa kafin ya ɗaura shi. Wanda ya fito da sabuwa dal daga gidan dila, da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000 irin wanda kamfanoni da yawa ke bayarwa, shi ne ke da abin tsoro, don injin da zai yi caca da shi kuɗinsa miliyoyin sefa ne.

In aka tambaya ko gwangwanin yana kayar da garanti, amsar da ta fi yawo cikin bidiyo a wayoyin direbobi ita ce wai doka ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan da ba nasa ba. Akwai dokar da ta ce haka, amma ta Amurka ce. Can da nan dai duk rigimar a kan tambaya guda take tsayawa: gwangwanin ne ya jawo lalacewar, ko ba shi ba ne? Don haka sai an fara sanin abin da yake yi.

Duk injin da ke aiki, wani kaso na iskar da ta ƙone a saman fistan yakan kuɓuce ta gefen zobba ya gangara ƙasa, inda man inji ke kwance. In ba a ba shi mafita ba sai ya taru ya matse wurin. Motocin zamanin da suna busar da shi waje ta wani tiyo mai reto ƙarƙashin inji. A farkon shekarun 1960 aka fara mayar da shi cikin inji ya sake ƙonewa, jihar Kalifoniya ce a gaba, yau kuwa kusan kowace mota haka take. Sai dai hucin ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da feshin mai. A injin gazuwal na zamani kuma akwai bawul ɗin EGR, mai dawo da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin maƙogwaron inji don rage gurɓata iska. Kunkunniyar hayaƙin ta haɗu da feshin man, su zama wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya yi ta taruwa a bangon maƙogwaron har hanyar iska ta ƙuntata. Makanikin da ya taɓa kwance wurin a motar da ta ci hanya ya san yadda ake kankare shi, yana fita curi-curi, hannu ya kwana biyu bai wanku ba.

Gwangwanin a tsakiyar wannan tiyo yake zama. Hucin ya shiga ya bugi raga ko matata, man ya taru ya ɗiga ƙasa, iskar ta wuce. Ka buɗe ƙasansa bayan ƴan dubban kilomita, abin da zai zubo baƙin mai ne mai warin gazuwal, wani lokaci da ruwa-ruwa a ciki. Ganin wannan ne ke sa mutum ya riƙa rantsuwa da gwangwanin, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Kamfani ma yana da tasa hujjar, ba kuma ta banza ba ce. An auna faɗin tiyon numfashin nan daidai da hucin da injin ke fitarwa. Gwangwani mai ƙaramin baki, ko tiyon da ya lanƙwashe a bayan batir, ko matatar da ta toshe ba a canza ba, duk suna tare hucin. In ya rasa hanya sai ya nema da ƙarfi. Ya turo mai ta juwan ɗin gaba ko na bayan inji, wato robar da ke hana mai tsiyaya, ya ɗago sandar awon mai, ya hana man turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji, komawa ƙasa har ya fara zuba cikin hanyar iska. In kuma gwangwanin ya cika aka manta da shi, inji na iya zuƙe man, injin gazuwal kuwa yana iya ƙona man inji ya hau gudu shi kaɗai ko an kashe makulli. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. A ƙasashen sanyi ruwan ciki ne ke daskarewa ya toshe hanya. Namu ciwon daban ne: zafin Afrilu da Mayu yana gasa tiyon da ba na mai ba har ya tsage, ƙurar hunturu ta samu ƙofa a bayan matatar iska, kai tsaye zuwa turbo. Masu kyau, irin ProVent na Mann+Hummel, suna da bawul da ke buɗewa in matsi ya yi yawa. Na araha da yawa gwangwani ne kawai da murfi.

Dokar Amurkan da ake ambata sunanta Magnuson-Moss, sunayen ƴan majalisa biyun da suka kawo ta, an kuma sa mata hannu a 1975. Ta hana kamfani gindaya sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kafin garanti ya yi aiki, sai fa in kyauta yake ba da su. Hukumar FTC mai sa ido a kanta ta bayyana cewa kamfanin da ke son ƙin gyara shi ne zai nuna kayan da aka ƙara su suka jawo ɓarnar. Doka ce mai kyau, amma ba ta biyo bidiyon ta tsallako teku ba. Ko motar da aka sayo daga Amurka ta sauka tashar Lome ba ta zo da ita a ciki ba, garantin kamfanin ma yawanci yana da iyakar ƙasar da yake aiki.

A Nijar garanti iri biyu ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne wanda kamfani da dila suka yi maka alkawari a rubuce, cikin ɗan karnen da ake miƙo maka tare da makulli, ka cusa shi cikin akwatin gaban mota ba ka sake buɗewa ba. Kundin dokokin farar hula da muka gada daga Faransa, wanda har yau yake da tsohon jerin ayoyinsa, ya ce a aya ta 1134 yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce a kan waɗanda suka ƙulla ta. Wato wannan karnen shi ne dokarka ta farko. Ka nemi shafin abubuwan da garanti bai shafa ba, ka karanta shi a tsanake, don rubutun iri biyu yake zuwa. Wani ya ce garanti bai shafi lalacewar da ta samo asali daga sauyi ko ƙarin da kamfani bai amince da shi ba. Wani ya ce duk sauyin da aka yi ba da izini ba yana kayar da garantin. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A ƙarƙashin na farko, in na'urar sanyi ta mutu ko giya ta fara kuka, gwangwaninka bai shiga zancen ba, dila zai gyara. In kuwa juwan ɗin bayan inji ne ya fara tsiyaya ko turbo ta cika da mai, ka shirya wa musu. A ƙarƙashin na biyu dila zai so ya rufe ƙofar gaba ɗaya.

Nan dokar OHADA take shigowa. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin wannan yarjejeniya ta dokokin kasuwanci, wadda aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993. Dokarta ta harkar kasuwanci, da aka sabunta a Lome a Disamban 2010, ta tsara ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa. Ba ta shafi kayan da mutum ya saya don kansa ko iyalinsa ba. Ɗan kasuwar da ya sayi mota don jigilar kayansa, ko kamfanin sufuri, yana ƙarƙashinta. Aya ta 261 ta ce duk sharaɗin da ke rage garanti a taƙaice ake fassara shi, kuma mai sayarwar da ya kafa hujja da shi sai ya nuna mai saye ya san sharaɗin ya kuma yarda da shi lokacin ƙulla ciniki. Karnen da aka jefa cikin mota bayan an gama biya, ba sa hannu ba komai, hujja ce mai rauni a hannun dila. Amma dokar tana da agogo. Aibin da ke bayyane ranar karɓar mota sai an sanar da mai sayarwa cikin wata 1, in ji aya ta 258. Na ɓoye kuwa, aya ta 259 ta ba da shekara 1 daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a gano shi, ba tare da wannan wa'adi ya rage tsawon garantin da aka rubuta ba. A Yamai irin wannan ƙara kotun kasuwanci take zuwa.

Garanti na biyu doka ce ta ɗora shi kan mai sayarwa ko bai yi alkawari ba, wato na ɓoyayyen aibi, daga aya ta 1641 ta kundin farar hula. In mota tana da lahanin da ba a iya gani lokacin saye, wanda ya hana ta aikin da aka saye ta dominsa, mai saye yana da zaɓi: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. Wannan ya shafi har motar hannu, muddin ba a rubuta cewa ba garanti aka sayar ba. Sharaɗinsa shi ne aibin ya riga cinikin, kuma mai saye ne zai tabbatar da haka, ya kuma shigar da ƙara cikin ɗan lokaci kaɗan, kamar yadda aya ta 1648 ta buƙata ba tare da ta ƙayyade kwanaki ba. Gwangwanin bai soke wannan haƙƙi ba, amma ya miƙa wa mai sayarwa amsa a shirye: lafiya lau na ba ka inji, kai ka taɓa numfashinsa.

To wa zai kawo hujja? Aya ta 1315 ta raba nauyin. Mai neman a cika masa alkawari shi zai nuna akwai alkawarin, mai cewa nauyin ya sauka daga kansa shi zai nuna abin da ya sauke shi. A fahimtata, naka shi ne ka nuna garanti bai ƙare ba, ka yi bidanji a kan lokaci, ga tambarin gareji a karne. Na dila shi ne ya nuna lalacewar ta faɗa cikin abin da aka keɓe. A takarda ke nan. A zahiri motarka tana garejinsa, ma'aikatansa ne suka duba ta, kai kuma kowace rana ta kwana a can asara ce.

Shugaban gareji zai ɗaga kapo, ya nuna da yatsa ya ce, "Alhaji, wannan fa ba namu ba ne. Wa ya sa maka?" Kada ka tsaya musu a tsakar gareji. Ka ce, "To maigida, a rubuta mini dalilin ƙin gyaran, a sa tambari." Dilan da ya ce da baki garanti ya faɗi yakan sake tunani in aka ce ya rubuta cewa gwangwanin ne ya lalata injin. In ya rubuta, kada ka bari a kwance inji, kada kuma ka janye motar zuwa wurin makanikin unguwa ya buɗe ta. Ka kira wisiye, jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya rubuta halin da ya same ta, da hotuna, har da yawan man da ke cikin gwangwanin da yanayin tiyo. Alƙali yana iya naɗa ƙwararre ya auna matsin da ke cikin inji ya duba turbo, kuma a irin wannan shari'a rahoton ƙwararren ne ke da nauyi. Injin da aka riga aka wargaza aka wanke ba abin da zai gaya masa.

Akwai dabarar da wasu ke yi, su cire gwangwanin daren da za a kai mota bidanji, su mayar bayan an dawo. Ban ba kowa wannan shawara ba. Ramin da aka huda don ɗaure shi yana nan, maɗaurin tiyo ba na kamfani ba ne, wani lokaci ma an yanke tiyon asali. Aya ta 1134 ɗin nan da ke kare ka ita ce kuma ta ce a cika yarjejeniya da kyakkyawar niyya, wanda aka kama yana ɓoye abu kuwa ya rage wa maganarsa daraja gaban alƙali.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wasiƙa kafin a ɗaura. Ka rubuta wa dila sunan gwangwanin da samfurinsa, ka ce iskar za ta koma cikin inji ba za a sake ta waje ba, ba za a yanke tiyon asali ba, ka nemi amsa a rubuce. In ya yarda, ya fi kyau garejinsa ya ɗaura, ya sa a faktir. In motar ta banki ce da ba a gama biya ba, ko ta ma'aikata, sai an tambayi mai ita tukuna. In dila ya ƙi, ni dai jira zan ce a yi, don jiran ba shi da tsawon da ake zato. Daga Yamai zuwa Tawa ta Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kusan kilomita 550 ne. Motar da ke zuwa ta dawo sau ɗaya a mako tana cin sama da kilomita 57,000 a shekara, kilomita 100,000 ɗin garanti za su ƙare kafin ta cika shekara 2. Ranar sai a kwance maƙogwaron a wanke, a sayi gwangwani mai bawul da tiyon da ke jure mai da zafi, a ɗaura shi inda hannu zai kai a zubar da man duk lokacin bidanji.