Kwamitin Sa Ido Kan Asusun Gidaje na San Francisco

Kwamitin sa ido na Our City, Our Home kwamitin ba da shawara ne a birnin San Francisco da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Aikinsa bin sawun kuɗin da birnin ke tarawa domin samar wa marasa matsuguni gidaje, da kuma faɗa wa hukuma inda ya dace a kashe su.

Asalinsa ƙudurin da ake kira Proposition C ne, wanda mazauna birnin suka amince da shi da kusan kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u a watan Nuwamban 2018. Ƙudurin ya ɗora ƙarin haraji a kan kamfanonin da cinikinsu ya haura dala miliyan 50 a shekara, aka kuma yi ƙiyasin zai riƙa kawo dala miliyan 250 zuwa 300 duk shekara. Ƙungiyar Coalition on Homelessness, mai fafutukar kare haƙƙin marasa matsuguni, ita ce ta ja ragamar kamfen ɗin. Marc Benioff, shugaban kamfanin Salesforce, ya zuba kuɗi ya mara mata baya, Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, kuwa ya yi adawa, haka ma magajiyar gari ta lokacin London Breed.

Kuɗin ba su fito nan da nan ba. Ƙungiyar masu biyan haraji ta Howard Jarvis ta kai ƙara, tana cewa irin wannan haraji sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Birnin ya ci gaba da karɓar harajin yana ajiyewa bai taɓa ba, har watan Satumban 2020, lokacin da Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar. Kusan shekara biyu ke nan kuɗi na kwance, mutane na kwana a bakin titi.

Kwamitin yana da mambobi tara: magajin gari ya naɗa huɗu, majalisar birni huɗu, babban jami'in kula da asusun birni ɗaya. An ware wasu kujerun musamman ga waɗanda suka taɓa ɗanɗana rashin matsuguni da kansu, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi ƙima a tsarin, domin wanda ya kwana a waje ya fi kowa sanin wace ƙofa ce ke rufe. Doka ta kuma ɗora wa kwamitin binciken buƙatun marasa matsuguni duk bayan shekara uku.

Rabon kuɗin yana rubuce a cikin dokar: aƙalla rabi ga gidajen zama na dindindin, aƙalla kashi 25 ga kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da bai wuce kashi 15 ba ga hana mutane rasa gidajensu tun farko, sai abin da bai wuce kashi 10 ba ga matsugunan wucin gadi da tsafta.

Raunin kwamitin shi ne bakinsa kawai yake da shi. Magajin gari ne ke tsara kasafi, majalisa mai kujeru 11 ta zartar, kuma babu wanda doka ta tilasta wa bin shawarar kwamitin. Shi ya sa gardama ke tashi a lokacin kasafi. Breed a 2023, da magajinta Daniel Lurie a 2025, duk sun nemi a karkatar da wani ɓangare na kuɗin gidajen dindindin zuwa matsugunan wucin gadi, masu fafutuka kuma suka ce hakan tauye rabon iyalai da matasa ne, wanda masu ƙuri'a suka riga suka ware musu.